Waƙa a Bakin Mai Ita: Nasiha Daga Rayuwar Waliyyi Toma Akwinas

 Ɗana, ƙannenka sun nuna mini rubuce-rubucen da kake yi a Facebook kana kāre bangaskiyarmu, na sa tabarau na bi su a tsanake. Kishinka ya faranta mini rai, alƙalaminka kuma yana da kaifi, Allah ya ƙara basira. Abu guda ne ya tsaya mini a wuya. Duk inda ka zo faɗin abin da abokan gardamarka suka gaskata, Musulmi ne ko 'yan'uwanmu na wasu ɗariƙu, sai ka faɗe shi yadda su da kansu ba za su shaida shi ba. Ka ɗauko mafi raunin maganarsu, ka ƙara mata gishiri, ka kā da ita, abokanka su yi ta tafi. Shi kuwa wanda aka yi rubutun dominsa ya karanta, ya ce a ransa yaron nan bai san abin da nake faɗa ba, ya wuce abinsa. Shi ya sa nake so in ba ka labarin Waliyyi Toma Akwinas, ɗaya daga cikin manyan malaman tauhidi na Ikilisiya. Ya sha gardama fiye da yadda ni da kai za mu taɓa sha, amma hanyar da ya bi da ita dabam ce.

An haife shi wajen shekara ta 1225 a gidan sarauta na Rokkasekka, tsakanin Roma da Napoli, a ƙasar Italiya ta yau. Mahaifinsa Landulf mai riƙe da ƙasa ne, mahaifiyarsa Tiyodora ita ma 'yar babban gida ce. Yana ɗan shekara biyar aka kai shi gidan sufaye na Monte Kasino, da fatan in ya girma ya zama shugaban gidan. Ba ƙaramar kujera ba ce, domin gidan yana da gonaki da ƙauyuka masu kawo masa haraji, dangi kuwa sun ga riba a ciki. Rikicin Sarki Firedarik na Biyu da Paparoma ya sa aka fitar da yaron a 1239, aka tura shi jami'ar Napoli, wadda shi wannan sarki ya kafa a 1224. A can ya gamu da abubuwa biyu da suka juya rayuwarsa: littattafan Aristotal, masanin falsafar nan na Girka, da kuma 'yan Dominikan.

Su 'yan Dominikan sabbin shiga ne a lokacin, a 1216 Paparoma ya amince da ƙungiyarsu. Ba su da gona, ba su da taska. Aikinsu karatu da wa'azi, abincinsu bara, tafiyarsu a ƙafa. Ka kwatanta ɗan hakimi ya tuɓe alkyabba, ya ɗauki ƙoƙo ya bi almajirai, ka ga irin abin kunyar da danginsa suka ga ya jawo musu sa'ad da ya sa rigar ƙungiyar a 1244. Mahaifiyarsa ta aiki yayyensa, waɗanda sojojin sarki ne, suka tare shi a hanya arewa da Roma, suka komo da shi gida suka tsare shi kusan shekara guda. Ba abin da ba su yi ba don ya sauya ra'ayi. Masu ba da tarihinsa sun ce har mace aka shigar masa ɗaki, ya zaro itace mai wuta daga murhu ya kore ta. Mutane suna son wannan labari, amma ni abin da ya fi kama hankalina shi ne yadda ya ci shekarar. Karatun Littafi Mai Tsarki ya duƙufa a kai, yana kuma koyar da 'yan'uwansa mata, har ɗayarsu, Marotta, wadda aka sa ta lallashe shi, ita ma ta ba da kanta ga rayuwar zuhudu. Da aka sake shi bai riƙe kowa a zuci ba. Shekaru da yawa bayan haka shi aka damƙa wa wasiyyar mijin 'yar'uwarsa, kuma a tafiyarsa ta ƙarshe a duniya gidan wata 'yar danginsa ya sauka. Ya ƙi abin da suke so ƙememe, bai kuma yanke zumunci ba. Ka riƙe wannan, domin za ka sha bukatarsa a gida kafin ka bukace shi a waje.

Daga nan aka tura shi Faris, sannan a 1248 ya bi malaminsa Albat Babba zuwa Kolon a ƙasar Jamus. Toma ƙato ne, ga jiki, ga rashin magana. Yakan zauna a aji shiru, har abokan karatunsa suka laƙaba masa suna Beben Bijimi. An ce wani daga cikinsu ya ji tausayinsa ya zo ya yi masa bitar darasi, ya kai wani wuri mai wuya ya kakare, sai Toma ya warware masa shi tiryan-tiryan. Da Albat ya gwada shi a bainar jama'a, sai ya gaya wa ɗaliban cewa wata rana kukan bijimin nan zai cika duniya. Shiru-shiru ba tsoro ba ne, ɗana. Shekarun da ya yi yana saurare su suka ba shi abin faɗa. Ya kai wajen shekara talatin da ɗaya kafin ya hau kujerar babban malamin tauhidi a Faris a 1256.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A jami'o'in wancan zamani, muhawara tana cikin aikin malami kamar yadda karantarwa take. Sau biyu a shekara, kafin Kirsimeti da lokacin azumi, akan yi wani zama wanda kowa yake da damar tashi ya jefo wa malami kowace irin tambaya, daga zancen mala'iku har zuwa na bashi da ciniki. Malamai da yawa sukan kauce wa wannan zama, Toma kuwa ya sha yin sa. Da wannan tsari na muhawara ya gina babban littafinsa, Summa Theologiae, wanda ya fara a Roma wajen 1266, kuma ya ce don masu fara karatu ya rubuta shi. Littafin yana da manyan mas'aloli 512, an rarraba su zuwa ƙananan tambayoyi fiye da 2,600. Kowace tambaya tafiyarta ɗaya ce. Ba ya fara da ra'ayinsa. Sai ya jero hujjojin masu saɓa masa tukuna, uku ko huɗu, wani lokaci fiye. Sannan ya kawo wata magana daga Nassi ko daga magabata mai nuna akasin haka. Sannan ya faɗi nasa bayani. A ƙarshe ya koma kan hujjojin farko ɗaya bayan ɗaya, ya ba kowace amsarta.

Duba yadda ya yi da tambayar da ta fi kowace nauyi, wato ko akwai Allah. Hujja biyu kawai ya kawo ta masu musu, amma ka ji su. Ta farko: in Allah nagarta ne marar iyaka, bai kamata a sami mugunta ko kaɗan ba, ga shi kuwa duniya cike take da ita. Ta biyu: abin da ake iya bayyana shi da dalilai kaɗan ba ya bukatar a ƙaro masa wani, abubuwan halitta suna tafiya bisa ɗabi'arsu, ayyukan mutane kuma bisa hankali da nufinsu, to ina bukatar a ce akwai Allah? Shekara fiye da ɗari bakwai ke nan, har yau in ka zauna da wanda bai yarda da Allah ba, a kan waɗannan biyun zai tsaya. Sufi mai tashi sallar dare shi ya rubuta su da hannunsa, bai rage musu ƙarfi ba, bai yi musu ba'a ba. Bayan haka ne ya kawo hanyoyinsa biyar na nuna samuwar Allah. A kan zancen mugunta kuma ya jingina da Waliyyi Agustin, cewa Allah ba zai bar mugunta ta auku ba sai don yana da ikon fitar da alheri daga cikinta.

Akwai wani abu kuma da za ka lura da shi in ka daɗe kana karanta shi. Ba kasafai yake cewa hujjar abokin hamayya ƙarya ce ɗungurungum ba. Yawanci sai ya rarrabe: ta wannan fuska maganarka gaskiya ce, ta wancan fuska ce ba ta tsaya ba. Ya san mutum mai hankali ba ya riƙe ra'ayi shekara da shekaru sai akwai wata gaskiya a ciki da ta riƙe shi. In ka gano wannan gaskiyar ka amsa masa ita, ka buɗe kunnensa. In ka tattake ta tare da kuskuren, ka rufe shi ke nan.

Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, shi ya sa Toma ya je wurin masu ita. Littattafan Aristotal da yawa sun shigo Turai ne tare da sharhin malaman Musulunci, bayan an fassara su daga Larabci zuwa Latin a wurare irin su Toledo. Hukumomin Ikilisiya sun yi ɗari-ɗari da su, har a 1210 da 1215 aka hana karantar da wasunsu a Faris. Toma ya karanta su ciki da bai. Ya karanta Ibn Sina, ya amfana ƙwarai da bambancin da ya yi tsakanin zatin abu da samuwarsa. Ya karanta Musa bin Maimun, malamin Yahudawa. Ya karanta Ibn Rushd, alƙalin Ƙurɗuba wanda ya rasu a Marrakesh a 1198, wanda malaman Turai suke kira Mai Sharhi kawai, ba sai an faɗi suna ba. Ibn Rushd ɗin nan ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Ɗan mazhabar Malikiyya ne, kuma littafinsa na fiƙihu, Bidayatul Mujtahid, malamanmu na zaure sun san shi sarai. Ka tambayi wani abokinka mai karatun fiƙihu yadda littafin yake tafiya. Zai gaya maka cewa a kowace mas'ala yakan kawo ra'ayoyin malamai, sannan ya faɗi sababin saɓaninsu. Ashe maƙwabtanmu ma suna da wannan tarbiyya a cikin littattafansu, kamar yadda muke da ita a namu. Mu ne 'yan baya, mu da su, muke neman yar da ita.

Kada ka ɗauka karanta mutum yana nufin bin sa. Wasu malamai a Faris, irin su Sija na Barabant, sun ɗauki ra'ayin Ibn Rushd cewa hankalin da ke fahimta guda ɗaya ne tak ga dukan 'yan Adam. Toma ya ga in haka ne, babu sauran hisabin kowane mutum a kan aikinsa. A 1270 ya rubuta musu raddi mai zafi. Amma ka ga yadda ya yi shi: bai ce su yi shiru don Ikilisiya ta hana ba. Ya buɗe littafin Aristotal a kan rai, wanda su kansu suke taƙama da shi, ya bi shi layi-layi yana nuna cewa ba haka mai littafin yake nufi ba. Ya kuma nemi duk mai ja ya fito ya rubuta amsa a fili, ya bar yin magana a lungu gaban yara waɗanda ba su kai su auna ta ba. A wani wuri kuma, cikin sharhinsa na Aristotal, ya koyar da cewa waɗanda muka bi ra'ayinsu da waɗanda muka ƙi nasu duka sun cancanci ƙauna daga gare mu, tun da dukansu gaskiya suka nema, kuma dukansu sun taimake mu wajen samunta.

Ga wani darasi da nake so ya shiga kunnenka sosai. A zamaninsa an yi ta ja-in-ja a kan ko hankali kaɗai zai iya tabbatar da cewa duniya tana da mafari. Malamai nagari, har da Waliyyi Bonabenca, sun ce zai iya. Toma ya gaskata da dukan zuciyarsa cewa duniya tana da mafari, amma ya ce ta wurin wahayi muka san haka, hujjojin da ake kawowa na hankali ba su kai ba. Ya ƙi karɓar hujja mai rauni ko da tana goyon bayan abin da ya gaskata. Dalilinsa kuwa shi ne, in ka kāre bangaskiya da hujjar da ba ta tsaya ba, ka ba marasa bi abin dariya, su ɗauka a kan irin wannan muka dogara. Haka ya ce game da asirin Triniti, cewa hankali ba ya iya tabbatar da shi, iyakarsa ya nuna ba ya karo da hankali. Na ga kana kawo misalin ƙwai da ɓawonsa da gwaiduwarsa don ka bayyana wannan asiri. Ka bar shi, ɗana. Bai dace da koyarwar Ikilisiya ba, kuma abokin gardamarka mai kaifin ƙwaƙwalwa zai rushe shi nan take. Ya fi maka ka ce wannan abu ne da muka karɓa ta bangaskiya, ga kuma abin da muke nufi da shi da abin da ba mu nufi.

Ba zan ɓoye maka inda shi kansa ya kasa ba, domin waliyyi mutum ne. A farkon littafinsa Summa contra Gentiles ya faɗi magana mai kyau, cewa in za ka yi muhawara da wanda bai karɓi Nassinka ba, sai ku haɗu a kan hankali, wanda kowa ya yarda da shi. Amma 'yan shafuka kaɗan bayan haka ya yi magana a kan addinin Musulunci da Annabinsa ba bisa wannan ƙa'ida ba. Ya maimaita abin da ake faɗa a Turai a lokacin, bai ba Musulmi irin adalcin da ya ba malamansu na falsafa ba. Haka kuma ya yarda a miƙa ɗan bidi'a mai taurin kai ga hukuma ta kashe shi. Ikilisiya ba ta tsaya a nan ba. A 1965 Majalisar Batikan ta Biyu ta fitar da Nostra Aetate, inda ta yi maganar Musulmi da girmamawa, da Dignitatis Humanae, inda ta ce ba a tilasta wa kowa a sha'anin addini. In mai ilimi irin nasa ya zame a daidai wurin da bai je ya ji daga bakin masu abin ba, ina ga ni da kai?

'Yan ƙungiyarsu sun zo ƙasarmu, ka sani. A 1953 aka damƙa wa 'yan Dominikan daga Amurka aikin yankin Sakkwato, suka zauna a Gusau da kewaye, kuma ɗayansu, Edward Lawton, shi ya zama bishop na farko a Sakkwato a 1964. A cikinsu akwai Fada Joseph Kenny, wanda ya koyi Hausa da Larabci, ya yi digirinsa na uku a Edinbara a kan tauhidin Imam Sanusi, malamin nan da ake karanta littattafansa na aƙida a makarantunmu na zaure, sannan ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Ibadan. Ya rasu a 2013 yana firist ɗin Katolika, sanin da ya yi wa Musulunci bai rage masa komai ba. Abin da nake roƙonka bai kai nasa wuya ba. Kafin ka amsa wa mutum, ka je ka zauna da shi, ko da wanda ya fi shi sani a cikinsu. Ka maimaita masa abin da ya gaskata da bakinka, ya gyara maka, ka sake maimaitawa, har sai ya ce haka ne, ko ni iyakar abin da zan faɗa ke nan. Sa'an nan ka ba da amsarka, kada kuma ka rage mata komai don neman a yaba maka.

Kada ka zaci ƙwaƙwalwa ce kaɗai ta yi wannan aiki. Rajinal na Fiferno, abokin tafiyarsa kuma magatakardansa, ya shaida cewa in mas'ala ta cije masa yakan ajiye alƙalami ya koma ga addu'a da azumi. Yakan yi wa magatakarda uku ko huɗu shifta a lokaci guda, kowanne a kan littafi dabam, rubutun hannunsa kuwa, wanda har yau akwai shi a ɗakin karatu na Batikan, sai ƙwararru ke iya karanta shi saboda sauri. An ba shi kujerar babban bishop na Napoli, ya roƙa a ɗauke masa. Shi ya tsara addu'o'i da waƙoƙin Idin Jiki da Jinin Almasihu a 1264, waɗanda har yanzu muke rerawa. A azumin 1273 kuma ya yi wa talakawan Napoli wa'azi da harshensu na gida a kan abubuwan da kowane ɗan katikisma ya sani.

Ranar 6 ga Disamba 1273, yana cikin yin Misa a Napoli, wani abu ya same shi. Daga ranar bai ƙara rubutu ba, bai ƙara shifta ba. Ya kai mas'ala ta 90 a kashi na uku na Summa Theologiae, yana tsakiyar bayanin tuba, a nan littafin ya tsaya. Rajinal ya matsa masa ya ci gaba, ya ce ba zai iya ba, domin duk abin da ya rubuta ya zame masa kamar ƙaiƙayi in an gwada da abin da aka nuna masa. Bai ce abin da ya rubuta ƙarya ne ba, bai kuma sa a ƙone shi ba. Ya dai ga girman wanda yake magana a kansa. Ina ganin tun farko wannan ne ya sa bai ji tsoron hujjar kowa ba: bai taɓa ɗauka cewa Allah yana rataye a kan nasararsa a muhawara ba. Farkon 1274 ya kama hanyar majalisar Liyon, inda Paparoma Giregori na Goma ya kira shi. A hanya ya bugi reshen itace da ka, jikinsa ya yi rauni, aka kai shi gidan sufaye na Fossanoba, inda ya rasu ranar 7 ga Maris 1274, bai cika shekara hamsin ba.

Saura abu guda da ya kamata in gaya maka tun da wuri, don kada ya zo maka ba zato. In ka kama wannan hanya, waɗanda za su fara zarginka naka ne. Za su ce ka yi sanyi, ko ka fara karkata, don me kake faɗin hujjar waɗancan da kyau haka. Toma bai tsira daga wannan ba. Ranar 7 ga Maris 1277, shekara uku cif da rasuwarsa, bishop na Faris, Etiyen Tamfiye, ya haramta ra'ayoyi 219, wasu daga ciki sun shafi koyarwarsa. Wani malami ya rubuta littafin gyaran kurakuransa, aka hana 'yan ƙungiyar malamin karanta Summa Theologiae sai tare da shi. Ga shi ba ya duniya balle ya kāre kansa. Almajiransa ne suka ci gaba da karantar da littattafan, mutane suna karantawa suna aunawa da kansu. A 1323 Paparoma Yohanna na Ashirin da Biyu ya sa shi cikin waliyyai, a 1325 kuma wani bishop na Faris ya janye haramcin a duk inda ya taɓa koyarwarsa, bayan shekara 48. In abokanka suka juya maka baya na ɗan lokaci saboda ka yi wa wani adalci, kada ka rama, kada kuma ka koma gidan jiya don ka faranta musu. Ka zo mu zauna, mu duba abin da ka rubuta tare.